Ziyara Zuwa Apiate, Garin Da Wuta Ta Yi Wa Sallama Kafin Ta Shiga

Wata hidima ce ta 'yan'uwa ta ɗauke ni daga Kumasi zuwa Tarkwa. Muka bi ta Obuwasi, muka ƙetare kogin Ofin a Dunkwa, muka yi ta ratsa gonakin koko da ramukan masu haƙar zinariya. Bayan mun wuce Bawdie, kafin mu shiga Bogoso, sai direba ya rage gudu, hira ta mutu a cikin mota. Mun iso Apiate ke nan.

Wanda bai san labari ba, gidaje sababbi zai gani a jere, waɗanda gwamnati ta gina, ya wuce abinsa. To amma a nan ne, ranar Alhamis 20 ga Janairu 2022, wata babbar mota ɗauke da nakiyar fasa dutse, wadda za ta mahaƙar zinariya ta Chirano, ta yi karo da babur, ta kama wuta. Da ta fashe, sai da ta haƙa rami a tsakiyar titi, ta rushe kusan garin baki ɗaya. Aƙalla mutum 13 suka riga mu gidan gaskiya, da yawa kuma suka jikkata.

Abin da ya sa na sauka na taka wurin da ƙafata shi ne wannan: nakiyar ba nan take ta tashi ba. Tsakanin kamawar wuta da fashewa an sami 'yan mintoci, watau wuta ta yi sallama kafin ta shiga. Direban motar ya tsira, ya yi ta gargaɗin mutane su gudu. Waɗansu suka ji, suka nufi daji. Waɗansu kuwa suka matso kallo, har da masu ɗaukar hoto da waya, hotunan da duniya ta gani daga baya.

Ina tsaye bakin titin na tambayi kaina: da ina nan ran nan, cikin waɗanne zan kasance? Gaskiya ɗaya ce, ban yi wa kaina shaidar gudu ba. Wanda ke zaune bakin babbar hanya ya sha ganin mota ta ci wuta ta mutu, ba abin da ya faru, saboda haka zuciyarsa sai ta ce masa yau ma haka ne. Sa'an nan ɗan Adam ba wutar yake fara dubawa ba, fuskar maƙwabcinsa yake duba. In ya ga kowa na tsaye, shi ma sai ya tsaya, don kada a ce ya cika tsoro. Ga mai shago da ke tunanin kaya, ga uwa da ba za ta ɗaga ƙafa ba sai ta ga ɗanta. Kowa da igiyar da ta ɗaure shi.

Abin da ke tsinka igiyar nan kuwa murya ce, muryar wanda ya san abin da ke ciki, ya kuma faɗe shi da sunansa. "Wuta, wuta!" tara mutane take yi. "Nakiya ce, ku gudu!" ita ke watsa su.

To jama'a, mu dawo gida. Ku dubi lungunan Nima da Aboabo da sauran zangunanmu, inda mutum biyu ba sa iya jerawa, ga tukunyar gas a kusan kowane tsakar gida. Ku tuna gobarar sabuwar kasuwar Kejetia ta 2023, da ta Kantamanto a farkon 2025. Ranar da wuta ta tashi ba ranar shawara ba ce, ai ba a fafa gora ranar tafiya. Ya kamata sarakunan zango da limamai da shugabannin kasuwa su zauna tun yanzu, su yanke wa zai yi shela a lasifikar masallaci, wane fili za a taru, wa zai ɗauko tsofaffi da marasa lafiya. In uwa ta san inda za a kai yara, ba za ta koma cikin hayaƙi nemansu ba. A koya wa kowa lambar 'yan kwana-kwana, 192 ko 112.

Kafin in nemi motar Tarkwa, na yi wa mamatan addu'a. Dukiya ana sake nema, gida ana sake ginawa, na gani da idona a Apiate. Rai kuwa ba shi da na biyu. Allah Ya kiyashe mu da sharrin gobara, Ya jiƙan waɗanda suka rasu, amin.