Yatsun Kafinta Ba Sa Toho

Duk wanda ya san garin Itas, a ƙasar Katagum, ya san kafintocinsa ba su rasa aiki: ƙofa da taga, gadon amarya, bencin makaranta, rufin kwano. A dā da zarton hannu ake tsaga katako, mutum ya yini yana gumi a kan ƴan falankai. Yau injin zarto mai tebur yakan gama wannan aiki kafin a sha fura. Amma saurin nan yana da farashi, da yatsu kuwa ake biyansa.

Akwai wani dattijon kafinta a garin wanda ya koyi sana'a a Azare. Yatsu takwas gare shi, biyun injin ne ya cinye. Ya ɗauko guntun maɗaci siriri yana turawa da hannu, sai tsagar ta matse bayan zarto, katakon ya yi tsalle ya dawo, hannunsa kuwa ya ci gaba zuwa inda katako ya bari. Zarto mai faɗin inci 10 yakan juya sau 3,000 zuwa 4,000 a minti guda, watau kafin mutum ya ji zafi an riga an gama.

Tun daga ranar ya kafa doka a shagonsa: ba mai kusantar da hannu ga haƙoran zarto. Abu biyu ya rataye a jikin injin. Na farko sandar turi, mai ɗan gurbi a baki wanda yake kama gindin katako. Na biyu madanni, wani faffaɗan guntun katako mai mariƙi a sama da ɗan dunduniya a baya.

Wani yaron shago ya taɓa tambayarsa, "Maigida, wanne ya fi?"

Ya ce, "Ɗana, katakon za ka tambaya. Faɗinsa ne zai gaya maka."

Abin da yake nufi shi ne, sanda tana nisanta hannu, tana kuma shiga ɗan tsakanin zarto da ƙarfen da ake jingina katako, inda madanni ba ya shiga. Don haka ita ce ta siririn aiki. Aibinta, gindin katako kaɗai take riƙewa, goshinsa yana iya ɗagawa. Madanni kuwa yana danne katako a kan tebur yana tura shi gaba ɗaya, ya dace da faffaɗan aiki. Amma hannu yakan bi ta gefen zarto, in katako ya cika siranta sai ya kai mutum ga abin da yake gudu. Hukumar kiyaye lafiyar ma'aikata ta Ingila ta ce kada tsawon sanda ya gaza santimita 45, a kuma yi amfani da ita a santimita 30 na ƙarshen kowace tsaga.

Har ila yau dattijon ba ya yarda a cire murfin zarto, ko ƙarfen nan na bayansa mai hana tsaga rufewa. Ba a tsayawa daidai saitin zarto, ba a aiki da babbar riga, in wuta ta ɗauke kuma a kashe injin kafin ta dawo.

Hatsarin nan ba a nan kaɗai yake ba. A Amurka, hukumar lura da ingancin kaya ta ƙiyasta mutum wajen 30,000 ke ji wa kansu ciwo da irin wannan zarto kowace shekara. A 1999 wani mai suna Steve Gass ya ƙirƙiro SawStop, injin da ke tsayawa nan take in ya taɓa fatar mutum. Kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin shago. Sanda da madanni kuwa daga ragowar katakon da ake hura wuta da shi ake sassaƙa su.

Abin da ya fi damun dattijon shi ne samari masu ganin ɗaukar sanda ragwantaka ce. Irin waɗannan ba ya yi musu doguwar magana. Yakan miƙa musu hannunsa na dama ne su ƙirga.