Rubutu da goyo a baya: yadda nake samun lokaci (zare)

1/ Tambayar da ta fi yawa a akwatina ita ce: "Ke da yara biyu ga karatun jami'a, yaushe kike rubutu?" Na gaji da amsa wa mutum ɗaya-ɗaya, bari in yi zare kowa ta samu. Masu goyo ku matso kusa, masu shirin aure ku ma ku ja kujera. 🧵

2/ Shekarata 23, ina aji uku a BUK. Gidan aurena Gwarzo, iyayena suna Kabo. Babbar 'yata shekararta 3 da rabi, ƙaramin watansa 10, yana kan nono. Gajerun labarai nake rubutawa, sai wani dogo da na ɗauko tun yajin aikin malaman jami'o'i na wata 8 a 2022.

3/ Maganar farko: in kina jiran ranar da wanke-wanke zai ƙare, yara su yi barci lokaci ɗaya, a kawo wuta, baƙi su daina sallama, to sai dai jikokinki su rubuta littafin. Lokacin mai goyo guntu-guntu yake zuwa, kamar canjin cefane. Tarawa ake yi.

4/ Guntu na farko, asuba. Ina idar da sallah da azkar ba na komawa. Kafin in ɗora ruwan koko ina da kamar minti 40. Da sanyin hunturu abin ya fi daɗi, yara suna lafewa cikin bargo. Da bazara kam zafi ke tashe su tare da ni, sai haƙuri.

5/ Na biyu, mota. Ranar Litinin daga tashar Gwarzo zuwa ƙofar sabuwar jami'a ya fi awa ɗaya. Mu huɗu a kujerar baya, yaro a cinya. Kafin mu bar gari jijjigar mota ta sa shi barci. Da babban yatsa ɗaya nake bugawa. Muna wuce Rimin Gado nake ƙara sauri, in na hango Janguza in rufe waya.

6/ Na uku, murya. Na buɗe guruf a WhatsApp ni kaɗai ce a ciki. Ina tuƙa tuwo ko ina wanki, in zance ya faɗo min sai in danna in faɗa. Da dare in saurara in kwafe. Rabin saƙonnin za ki ji jaruma tana tsaka da kuka ni kuma ina "ke, sauko daga kan turmin nan!" 😂

7/ Na huɗu, littafin rubutu irin na 'yan firamare da biro, saboda ranar da caji ya mutu kuma ba wuta. A saman sif nake ajiye shi. Duk mai yaro ɗan shekara 3 ta san dalili.

8/ Ga lissafin. Kalma 200 a rana, kwana 5 a sati, 1,000 ke nan. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, labarin da take karɓa bai wuce kalma 1,000 zuwa 1,500 ba. Sati biyu kin gama zubin farko. In kika ɗore shekara, kin haura kalma 50,000. Littafi ne guda.

9/ To amma ba wannan ne ya sa na yi zaren ba. Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne: duk awar da mai goyo ta samu ta zauna da biro, akwai wadda ke riƙe da yaron. Tambayar ita ce wace ce, kuma me ta bari ta zo ta riƙe shi.

10/ Bayan na gama wankan jego a Kabo, ina haɗa kaya, Inna ta ce: "Ki tafi da ƙanwarki ta riƙa kama miki raino. Ga karatu ga wannan rubuce-rubucen naki, ba za ki iya ke kaɗai ba. Ai akwai makaranta a Gwarzon." Yarinyar shekararta 13, tana aji biyu na ƙaramar sakandare.

11/ Wallahi raina ya so. Na hango barcin rana, na hango babi uku a sati. Amma na san yadda abin ke ƙarewa, don na gani a kan ƙawayena na firamare. Yau ba ta je makaranta ba yaro na zazzaɓi, gobe Anti tana da jarabawa, jibi an yi baƙi. Kafin zango na uku an daina kiran sunanta a aji.

12/ Na ce: "Inna, ki yi haƙuri, ki bar ta ta gama." Ta ce: "Mu da muka yi rainon ƙannenmu mutuwa muka yi?" Na yi shiru, don ba a ja da uwa. Amma ban tafi da ita ba. Sati biyu in na kira, gaisuwa kawai, sai "to, a gai da yaran." Ya yi min ciwo sosai.

13/ Ni dai na kasa ganin yadda zan zauna ina rubuta labarin yarinyar da aka cire daga makaranta, alhali wadda aka cire dominna tana tsakar gida da ɗana a bayanta.

14/ Mafitar da muka samu, adashin raino. Mu uku ne a layinmu: ni, wata mai ɗinki, da wata mai awara. Alhamis, Asabar, Lahadi, daga ƙarfe 10 zuwa azahar. Kowa ta ɗauki rana ɗaya ta tara yaran duka bakwai a gidanta, ta samu kwana biyu nata na kanta.

15/ Dokokinmu uku: kowa ta haɗo yaranta da abincinsu, ba a kawo yaro mai zazzaɓi ko gudawa, ba a wuce azahar. Mai shan nono in ya rikice a miƙo wa uwarsa. Ranar kwasata gidan kamar kasuwa, ba na ko kallon waya. Amma ina samun awa shida a sati da ba wanda na zalunta a kai.

16/ Sai Hajiyar maigidan, Allah ya saka mata da Aljanna. Ita ke riƙe babbar daga Litinin zuwa Laraba ina Kano. Ba na dawowa hannu biyu, ko goro ne ko sabulu. Ba biya ba ne, wa zai iya biya? Amma ta san an gani.

17/ Shi kuma Baban yara, na gano "ka taimaka min" ba ta aiki, don bai san ta ina zai kama ba. Abin da ya yi aiki: "Don Allah ranar Juma'a ka fita da ita daga la'asar zuwa magariba." Abu ɗaya, rana ɗaya, lokaci sananne. Yanzu ita ke ɗauko masa takalmi tun kafin a yi sallama.

18/ Kuma ba a kanmu aka fara ba. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, matar aure ce mai 'ya'ya, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa 'yan taru masu kai wa matan ƙauye karatu. Hafsatu Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980.

19/ Balaraba Ramat Yakubu an yi mata aure tana ƙarama, karatunta ya katse, amma ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, har aka fassara shi zuwa Turanci a 2012. Buchi Emecheta kuwa a Landan, yara biyar ita kaɗai, ga aiki ga digiri, da sassafe take rubutu. Ko waya ba su da ita.

20/ Kada in yi muku daɗin baki, akwai abin da ake rasawa. Barcina ya ragu. Bukukuwa da yawa sai dai in aika gudummawa, har an fara cewa boko ya sa min girman kai. Lokacin jarabawa ina rufe labari gaba ɗaya. Satin da yaro ba lafiya ko harafi ba na rubutawa, kuma ba na jin komai. Labari zai jira.

21/ Inna ta sauko da kanta, a bikin wata 'yar uwa ta karɓi jikanta ta goya, shi ke nan. Ƙanwar tawa tana aji uku yanzu, ita ke fara karanta duk babin da na gama in na je Kabo. Ba ta da kara ko kaɗan: "Yaya, nan wajen ya yi tsawo, na yi hamma."

22/ Masu goyo da ke rubutu, ko ɗinki, ko haddar Alƙur'ani, ku faɗa mana taku dabarar a ƙasa mu ƙaru. Wadda kuma aka ce za a ba ta 'yar raino, ta fara tambayar ajin da yarinyar take. Babi na 14 yana zuwa ranar Lahadi in sha Allah, in haƙorin da ke fito wa ƙaramin ya bar mu mun yi barci.