Jirgin Roba a Ruwan Lagdo



Duk wanda ya tashi a gidan masunta ya san jirgi bai taɓa daɗewa da kama ɗaya ba. Kakanninmu da suka yi sana'ar su a Gulbin Kabi da Kwara da Tafkin Chadi sun hau gora, suna kifa ciki a kanta suna iyo da homa a hannu. Sun hau jirgin sassaƙa, wanda ake fafewa daga gungumen maɗaci guda. Da manyan itatuwa suka yi ƙaranci, iyayenmu suka koma jirgin katako, ana jera alluna a haɗa su da ƙusa, a toshe tsaguwa da tsumma da kwalta. Da irin wannan jirgi da yawansu suka kafa zama a Lagdo bayan an gama madatsar ruwa a kan Binuwai a 1982, a shekarun da fari ya janye Tafkin Chadi daga ƙofar gidajensu. Suka zauna tare da Kotoko da Musgun da Larabawan Shuwa da masuntan Mali, kowa da harshensa, kowa da irin ƙirar jirginsa. Yau ga mu nan, mu 'ya'yansu, wani sabon baƙo ya fara shigo mana ɗaya bayan ɗaya: ƙaramin jirgin roba, shuɗi ko kore ko fari, mai santsin jiki kamar sabon baho.

Ba mu ga laifin wanda ransa ya biya ba. Katakon kirki daga dazukan kudu yake zuwa, kuma kafin ya wuce Ngaundere ya iso Garwa kuɗin hanya ya hau kansa. Bayan an ƙera jirgi kuma ba a huta ba: kowace damina sai an sake kwalta, kowace fita sai an sami mai kwarfar ruwa, bayan 'yan shekaru allon ƙasa ya ruɓe. Roba ba ta ruɓewa, gara ba ta cinta, ba ta shan ruwa ta yi nauyi. Mutum biyu sun isa su ɗaga ƙaramin jirgin roba su ɗora a kan amalanke, su kai shi wani tafki ko fadama idan ruwa ya ja baya. Ga saurayin da yake neman ya tsaya da ƙafarsa, ya daina raba kamu da mai jirgi, wannan babban kwaɗayi ne.

Sai dai akwai abin da muka lura da shi tun daga na farko da muka taɓa da hannu. Yawancin waɗannan jirage an ƙera su ne a Turai ko Amurka ko Sin domin mutumin da ya fita shaƙatawa ranar hutu. Zaune yake kamun kifi da sanda da ƙugiya ɗaya, wani lokaci ma ya kama ya ɗauki hoto ya mayar da kifin ruwa. Mu kuwa a tsaye muke jefa birgi. Kalli muke ja jiƙaƙƙe daga gefe ɗaya har kafaɗa ta yi ciwo. Guraye muke lodawa, ga koto, ga tukunya, ga yaro mai taya aiki. Wanda ya zana jirgin bai san ƙayar ƙurungu ba, bai san yadda giwan ruwa ke fizgar igiya ba, bai kuma san iskar da kan taso da la'asar a farkon damina ta turnuƙe tafki ba. Shi ya sa duk jirgin roba da ya iso hannunmu sai an gyara shi kafin ya ci abinci. A wajen saye da wajen wannan gyara ne riba take, kuma a nan ne rai yake.

Abu na farko a wajen saye shi ne sanin cewa abin da muke kira roba iri biyu ne. Akwai roba zalla, danginsu ɗaya da jarka da tankin ruwa, wadda ake narkawa a zuba a mazubi. Akwai kuma faiba, wato zaren gilashi da aka shimfiɗa aka shafe da wani danƙo mai daskarewa da ake kira rezin. Roba zalla tana jure bugun dutse da kututture, ta lotsa ta dawo, amma gam ba ya kama ta. Faiba ta fi ƙarfin jiki da gudu a ruwa, tana karɓar faci da kyau, amma idan ta daki abu tsagewa take yi. Wanda bai rabe tsakaninsu ba zai sayi maganin wannan ya shafa wa wancan, kuɗi su tafi, ɓula tana nan.

Da yake akasari na hannu muke samu, waɗanda suka riga suka yi aiki a wani ruwa, dole a yi musu binciken da ake yi wa saniya a kara. Babban maƙiyin roba rana ce. Jirgin da ya shekara a fili launinsa kan koɗe, idan ka shafa tafin hannu ka ga gari kamar alli, ka duba da kyau ka ga ƙananan tsaguwa kamar faso, to robarsa ta bushe, kuma wata rana za ta fashe kamar tsohon bokiti. Wasu jiragen ruɓi biyu ne, da iska ko kumfa a tsakani. Irin wannan a ɗaga shi a girgiza, a kasa kunne: in an ji motsin ruwa a ciki, ko nauyinsa ya wuce girmansa, ya riga ya sha. Na faiba a ƙwanƙwasa shi da kwabo daga kai zuwa gindi, duk inda ƙara ta mutu to shimfiɗun sun rabu. A matsa allon baya inda ake ɗaura inji, domin sau da yawa katako ne a ciki aka lulluɓe, yana iya ruɓewa waje yana ƙyalli. Idan akwai ɗan allon da masana'anta suka rubuta nauyin da jirgin ke ɗauka da ƙarfin injin da ya dace da shi, a nemi mai karatu ya karanta a fili. Kada kuma a biya kuɗi a kan hoton da aka turo ta WhatsApp. A tafi da dattijon da ya san ruwa, a sa jirgin a ruwa, a hau, a miƙe tsaye a ciki. Araha ba ta ado, kuma a tsakiyar tafki ba a mayar da ciniki.

Gyaran da ya fi amfani shi ne mafi sauƙi. Cikin jirgin roba santsi gare shi, idan majinar tarwaɗa ta haɗu da ruwa ko ƙwararre sai ya zame, don haka akan shimfiɗa siraran katakai a ƙasa, waɗanda za a iya cirewa a wanke. Nauyinsu ma yana taimakawa, domin jirgi marar nauyi iska ce ke tuƙa shi, kuma duk abin da ya zauna a ƙasa yana ƙara masa natsuwa. Roba tana da ƙara kamar ganga: filafili ya ɗan taɓa gefe, karfasa ta watse. Buhu ko tsohuwar tabarma a ƙarƙashin katakan, da tsinken tayar mota a bakin jirgi inda filafili da igiyar kalli suke gogawa, suna kashe wannan ƙara, su kuma hana igiya cin roba. Ƙasan jirgi kuwa jan da ake yi masa a kan yashi da tsakuwa shi ke cinye shi, gara a ɗaga shi ko a sa masa gungume ya gangara a kai. Idan roba zalla ta ɓule, da wuta ake yi mata walda: a yanko tsinke daga jarka mai lamba 2 a gindinta, a ɗumama shi tare da bakin ɓular har su narke su zama ɗaya. A fara gwadawa a can saman gefe, inda ruwa ba ya kaiwa, domin ba kowace roba ke karɓar 'yar uwarta ba.

Daga nan ne gyara yake fara zama ganganci. Samarinmu suna son inji, kuma suna son babba. Inji mai doki 15 nauyinsa ya haura kilo 30, ban da tankin mai, ban da mai tuƙi da ke zaune kusa da shi. A ɗora wannan a gindin jirgin da aka yi domin filafili ko ƙaramin inji, sai kai ya ɗaga sama, gindi ya nutse, taguwa ɗaya daga baya ta cika shi. Haka akwatin ƙanƙara da ake yi da gawar tsohon firji: dabara ce mai kyau, tana kai kifi kasuwa ɗanye ba sai an yi banda ba, amma a ƙaramin jirgi in an aza shi sama ko gefe ya zama abin da zai kifar da mai shi. Wurinsa tsakiya ne, a ƙasa ƙwarai. Duk ramin da aka huda domin ɗaura wani abu kuma ƙofa ce aka buɗe wa ruwa. A huda sama da inda ruwa yake kaiwa, a sa ƙusa mai noti da faffaɗan katako ta baya, domin roba ba ta riƙe ƙusa yadda katako yake riƙewa.

Amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yanke kujeru. Kujerun da ke cikin waɗannan jirage a rufe suke, da iska ko kumfa a cikinsu. Mai jirgi ya ga sun tare wurin koma da kwando, sai ya sa zarto ya fitar da su, ya ji daɗin fili. Abin da ya cire kuwa shi ne huhun jirgin. Mun gaji wani ilimi daga jirgin katako ba tare da mun san ilimi ba ne: ko ya kife, ko ya cika da ruwa, katako yakan tsaya a saman ruwa, mutum ya rungume shi har a kawo ɗauki. Mutane nawa ne a cikinmu suke raye yau saboda allon da suka kama? Faiba ta fi ruwa nauyi, idan babu abin da zai riƙe ta ƙasa take tafiya kai tsaye. Roba zalla da ƙyar take ɗaukar kanta, balle a haɗa mata inji da mutum. Wanda ya hau sabon jirgi da tunanin tsohon jirgi, ganin kitse yake yi wa rogo.

Maganin ba shi da tsada. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka mai lita 20 da babu komai a ciki, an ɗaure murfinta tam, tana riƙe kusan kilo 20 a saman ruwa. Biyu sun ɗauke nauyin inji. A ɗaure su da igiya mai ƙarfi a gindi da kai da gefuna, yadda ko jirgi ya kife ba za su kuɓuce ba. Kada a cusa soson katifa, shan ruwa yake yi. Farin kumfan da ake tallafe firji da shi a kwali yana iyo, amma fetur yana narkar da shi. Bayan an gama, a kai jirgin inda ruwa bai wuce ƙirji ba, a cika shi da gangan, a ga ko zai tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Watannin damina da hukuma kan rufe kamun kifi domin ya hayayyafa su ne lokacin wannan aiki, kuma su ne ya kamata mai cin bashi ya tuna, domin dillalin da ya ba da kuɗin jirgi ba ya rufe littafinsa saboda an rufe tafki.

Akwai mutum ɗaya da wannan baƙo ya fi taɓawa, shi ne masassaƙin jirgi. Wasu daga cikin dattawanmu masu gizago da guduma suna kallon jirgin roba kamar kishiya, samari kuma suna kewaye su suna zuwa wajen mai walda. Dukansu biyu suna yin hasara. Dattijon da ya shekara talatin yana ƙera jirgi, da ido kawai yake gane inda nauyi ya kamata ya zauna, da yawan gefen da ya kamata ya rage a saman ruwa bayan an yi lodi. Wannan sani bai ruɓe tare da katako ba. Saurayin da ya je ya durƙusa ya ce, “Baba, ga abin da na sayo, a duba mini,” ya sayi shekaru talatin da goro. Dattijon da ya yarda ɗansa ya koyi waldar roba da facin faiba a gefen sassaƙa, shi ma ya tsare gidansa daga mutuwar sana'a.

A wannan ƙasa ba mu da yawa, kuma abin da maƙwabta suka san mu da shi a bakin ruwa shi ne iya aiki da riƙon amana. Idan yaro ya nutse a jirgin da aka yanke wa kujeru, gidansu ne zai yi kuka, amma zango duka za a nuna da yatsa. Sarkin ruwa da manyan masunta suna da ikon da za su ce jirgin roba ba zai bar gaɓa ba sai sun ga abin da zai riƙe shi idan ya kife, kamar yadda tun da suke hana fita inda dorina ta haihu. Muna roƙonsu su faɗi wannan magana kafin damina mai zuwa, mu kuma masu saye mu kai musu jiragenmu da kanmu tun ba a kira mu ba.

Allah Ya tsare masu fita, Ya dawo da su ga iyalansu lafiya.