Na auna batta, ban karanta kwali ba

Ni da tabarau mun daɗe tare, tun ina ƙaramar sakandare da sai na matsa gaba kafin in ga abin da malami ya rubuta a allo. Ƙwallo ce ta shiga tsakaninmu. Da yamma mukan ɗan taɓa leda da abokan aiki, kuma duk wanda ya taɓa sa wa ƙwallo kai da gilashi a fuska ya san yadda ake komawa gida da firam a hannu. Da abin ya ishe ni sai na je aka gwada idona, aka rubuta mini kontak, wato ɗan tabarau mai taushi da ake mannawa a kan baƙin ido. Irin wanda aka ba ni na kwana ɗaya ne: ka ɓare da safe ka sa, da dare ka cire ka jefar. Kwali ɗaya guda 30 ne, kuma da yake lambar idanuna ba ɗaya ba ce, kowane ido da kwalinsa.

Daga waje ake shigo da waɗannan kaya, farashinsu kuwa dala yake bi. Da Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, kuɗin kwali ya fara hawa bai waiwayo ba. Ni kuma akanta ne, kuma ina da ciwon da masu irin aikina suka sani, ba na iya ganin abu mai kyau yana tafiya kwandon shara. Kullum da dare in na cire kontak sai in ɗora shi a kan yatsa in ɗaga shi saitin fitila. Garau yake, bai yage ba, bai dushe ba. Sai zuciya ta ce: wannan fa wayon kamfani ne, so suke ka yi ta saye. Na ɗauki biro na buga lissafi, in kowane guda ya yi mini 'yan kwanaki, kayan wata ɗaya za su kai ni wata da watanni. Na ji daɗin kaina ƙwarai a daren nan.

Da farko cikin ɗan kwanon robar da ya zo a ciki nake mayar da shi, in lulluɓe da murfinsa na alminiyon. Ruwan da ke cikin wannan kwano ruwan gishiri ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta, amma ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da ya dame ni shi ne ban ga tsari a ciki ba. Ni mutum ne mai son tsari. Sai na yanke shawarar in sayi batta ta musamman da ruwan wanki, in yi abin yadda masu ilimi suke yi.

A shagon da na je an baje mini iri uku. Akwai wadda kowa ya sani, mai gurbi biyu masu ɗan zurfi da murafe na murɗawa, ɗaya an rubuta L ɗaya R don kada a haɗa na hagu da na dama. Akwai doguwa mai kama da ƙaramar kwalba, da 'yan kwanduna biyu a jikin murfinta. Sai kuma wata siririya, falle ɗaya, mai murfin dannawa, ta zo a cikin ɗan akwati mai madubi da ɗan hantsaki na roba, irin wadda masu kayan kwalliya suke sayarwa tare da kontak mai launi. Yaron shagon ya tambaye ni, "Oga, naka na wata ne ko na sati biyu?" Na ce masa ai duk ɗaya ne. Bai ƙara magana ba, kuma ban ga laifinsa ba. Tambayar da ta dace ya yi, ni ne na kauce mata, don na san amsar gaskiya za ta ɓata mini lissafi.

Ban saya a ranar ba, sai da na koma gida na yi bincike, wai ni mai tsantseni. A jikin kwali an rubuta DIA 14.2, wato faɗin kontak ɗin milimita 14.2 ne, kusa da shi kuma BC 8.5, wato ma'aunin lanƙwasarsa. Na ari rular 'yata ta makaranta na koma shagon, na auna bakin kowace batta. Siririyar nan ta ɗara kontak ɗina faɗi da ɗan kaɗan. Na ce shi ke nan, ga daidai. Ƙaramin gurbi ɗan ruwa zai ci, kwalbar ruwan wanki za ta daɗe, ga ta kuma tana shiga aljihun gaba ba ta nuna. Tsimi a kan tsimi. Na biya na fito ina jin na fi mai kamfanin wayo.

Faɗi na auna, zurfi kuwa ko tunaninsa ban yi ba. Gurbin ba shi da zurfi, saboda haka kontak ba ya nutsewa, sai ya taso ya kwanta a gefe, rabinsa a ruwa rabinsa a waje. Da safe in tarar da gefe ɗaya ya ɗan bushe ya nannaɗe, in ɗiga masa ruwa in miƙar da shi da yatsa. Wani lokaci in na danna murfi sai ya datse bakinsa. Murfin ma ba ya kamawa sosai, ruwa yana tsiyaya a aljihu. Maimakon in zubar da ragowar in zuba sabo, sai in ƙara ɗigo kaɗan a kai, tunda tsimi muka fito yi. Wankin battar kuwa a bakin famfo nake yi bayan alwalar asuba, da ruwan burtsatse da ya kwana a tanki, in rufe ta da danshinta. Duk wannan a cikin hunturu, Kano ta yi fari fat da hazo.

Idon dama ne ya fara. Ja kaɗan, hawaye, da jin wani abu yana tokarata in na ƙifta. Na ce ƙura ce. Da jan ya ƙaru na ce afolo ne, na biya kemis na sayi maganin ɗigawa, kuma don kada in ɓoye komai, na sake manna kontak ɗin a kan wannan idon na tafi aiki, saboda muna da taro kuma ba na son zuwa da tsohon firam ɗin da na ɗaure da zare. Kafin la'asar hasken kwamfuta ma ba na iya kallo. Da dare raɗaɗi ya hana ni barci. Mai ɗakina ta haska fitilar waya ta duba, ta ce, "Maigida, akwai wani ɗan farin ɗigo a kan baƙin idonka. Kada garin neman gira a rasa ido, gobe da sassafe asibiti za mu."

A asibitin ido likitar ta ɗiga mini wani rini ruwan ɗorawa, ta sa na ɗora haɓa a kan na'ura, ta hasko shuɗin haske. Wurin da tantanin ido ya ɗaye yakan kama rinin ya yi kore shar. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce gyambo ne a kan tantanin gaban ido, ƙarami, kuma na yi sa'a yana gefe, ba a tsakiya inda gani yake wucewa ba. Ta ce in nuna mata kontak ɗin da abin da nake ajiye shi a ciki. Ko a lokacin ban gane ba. Na zaro battata har da ɗan alfahari, na fara yi mata bayanin yadda na auna, milimita 14.2 ga kontak, kaza ga bakin gurbi, na ce ina jin kuskurena shi ne ban kula da zurfi ba, da na ɗauki babbar da ba a kai ga haka ba. Har na tambaye ta wane girma ne ya fi dacewa da irin nawa.

Ba ta amsa ba. Ta ce, "Malam, kwalin yana nan?" Na miƙa mata. Ta juya shi, ta ɗora farcenta a kan wani rubutu, ta turo mini. Da manyan baƙaƙe aka rubuta cewa na kwana ɗaya ne, a sa sau ɗaya a jefar. Tsakanin wannan rubutu da lambar 14.2 da na kwafa da hannuna bai fi faɗin yatsa biyu ba. Ta ce, "Wannan ba shi da batta. Babu girman da ya dace da shi. Ka taɓa ganin an saka batta a cikin kwalinsa?"

Na yi shiru. Ban taɓa gani ba, kuma na lura da hakan tun tuni. Na ga kwalbar ruwan wanki tana zuwa da batta kyauta a cikin kwalinta, na ga kwalin kontak ɗina babu, sai na ɗauka rowar kamfani ce. Abin da ya fi ƙona mini rai a kan kujerar nan shi ne ba jahilci ba ne. Da jahilci ne da sauƙi. Na san na kwana ɗaya ne, da bakina na gaya muku a sama. An faɗa mini ranar da aka rubuta mini shi, ina ganin rubutun a kwali kullum safiya. Abin da na yi shi ne na ɗauki tambayar da nake tsoro, wato ko ya halatta in sake sa shi, na binne ta, na tono wata tambaya mai daɗi, wato wace batta ce daidai, na zuba mata duk basirata. Rula, lissafi, zuwa shago da dawowa, duk don in ji a raina cewa ni mai kula ne. Har a gaban likita, da ido ɗaya a rufe yana zubar da hawaye, ina nan ina kare tambayar banza. Da ta ce mini babbar batta ce daidai, wallahi da na biya shago a hanyar gida na saya.

Bayan na warke na zauna na fahimci abin da na yi wa idona. Tantanin nan kaurinsa kusan rabin milimita ne, ba shi da jijiyar jini ko ɗaya, daga iska da hawaye yake samun oksijin. Muddin fatarsa ta sama lafiya take, ƙwayoyin cuta ba sa samun shiga da sauƙi. Kontak na kwana ɗaya ba a ƙera shi don ya jure murza da wanki da kwana a ruwa ba. Maiƙo da furotin na hawaye suna taruwa a kansa, bakin da murfi ya datse yana kartar ido a duk ƙiftawa. A cikin battar kuma, wadda ba ta taɓa bushewa ba, ƙwayoyin cuta suna shimfiɗa wani siririn yauƙi da ido ba ya gani, wanda ruwan wankin da aka yi ta ƙari a kansa ba shi da ƙarfin kashewa. Bakteriyar da ake kira Pseudomonas tana iya cinye tantanin ido cikin kwana biyu. Ruwan famfo da na tanki da na rijiya kuma yana iya kasancewa ɗauke da wata amiba mai suna Acanthamoeba, wadda jinyarta kan ɗauki watanni, wani lokaci har sai an yi dashen tantani. A 2022 masu bincike na jami'ar UCL da asibitin ido na Moorfields a Landan sun gano cewa masu sa kontak da ake maimaitawa sun fi masu na kwana ɗaya haɗarin kamuwa da wannan amiba kusan ninki huɗu, kuma a cikin masu na kwana ɗayan, waɗanda suke maimaita shi haɗarinsu ya ƙaru. Wato na sayi mafi aminci da kuɗi mai yawa, na mayar da shi abin tsoro da hannuna. Ƙarin ruwa a kan tsoho ma ba ni na fara ba. A 2006, da cutar fangas ta Fusarium ta ɓarke tsakanin masu kontak a Singafo da Hong Kong da Amurka har aka janye ruwan wanki na ReNu with MoistureLoc daga kasuwa, maimaita ruwan cikin batta yana cikin halayen da aka samu a wurin waɗanda suka kamu.

Ga mai kontak na sati biyu ko na wata, maganar girma tana da wuri, sai dai zurfi ne abin dubawa. Kontak mai taushi kusan duka faɗinsa yana kewayen milimita 14, battar nan mai murfin murɗawa tana ɗaukarsa har da rara. A cika gurbin sai ya nutse gaba ɗaya, a duba bakinsa bai hau gefe ba kafin a rufe. Da safe a zubar da ruwan duka, a murza battar da sabon ruwan wanki, ba na famfo ba, ba fiya wata ba, a kifa ta a buɗe a kan tishu mai tsabta ta bushe, a canza ta duk wata 3. Doguwar nan mai kwanduna kuwa ta ruwan hydrogen peroxide ce, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. A cikinta akwai ɗan faifai mai platinum da ke kashe kaifin ruwan cikin aƙalla awa 6. Wanda ya zuba wannan ruwa a batta ta gama-gari ya sa a ido da safe zai yi ihun da maƙwabta za su ji. Siririyar battata kuma har yau ina ganin irinta a jakar masu yi wa amare kwalliya, da kontak mai launi yana kwance a cikin ruwan da ba wanda ya san ranar da aka zuba shi.

Jinyata maganin ɗigawa ce duk bayan awa ɗaya, har cikin dare, mai ɗakina tana tashina da agogon waya ba ta ce uffan ba, wanda ya fi faɗa zafi. Kuɗin magani da na asibiti sun ninka abin da na yi zaton na tara. Gyambon ya warke ya bar ɗan tabo, in ina tuƙi da dare fitilar motar da ke tahowa tana ɗan watsuwa a idon dama. Na koma tabarau, kontak sai ranar ƙwallo, kuma ranar yake tafiya shara.

In kuɗin na kwana ɗaya ya fi ƙarfinka, ka koma wurin wanda ya gwada maka ido ka gaya masa gaskiya, ya rubuta maka na wata ko ka koma tabarau. In kuma idonka ya yi ja yana zafi kana da kontak, cire shi nan take, kada ka biya kemis, ka ɗauki kontak ɗin da battar da kwalin ka tafi asibitin ido a ranar.