Bikin lokacin ɗari: a bar tsofaffi da bargunansu

A ƙasar Arewa, tun daga Dogonkirya har gangarowa Tibiri, aure yana da lokacinsa kamar yadda shuka take da nata. Ba a hana kowa ɗaura aure da damina ko da bazara ba, amma duk wanda ya tashi a Dutsi, ko Matankari, ko Gesheme, ya san goron gayyata ya fi yawo daga watan Nuwamba zuwa Janairu. Dalilin kuwa a fili yake. An yanke gero, an ɗaure dammuna, rumbu ya cika. An sayar da wake da gyaɗa, kuɗin sadaki ya samu. Ma'aikata da malaman lakwal sun zo hutun ƙarshen shekara, samari kuma ba su gama watsewa zuwa cin rani ba. Sai dai wannan lokaci na wadata shi ne kuma lokacin da iskar hunturu take kaɗawa, hazo ya lulluɓe dutsen da garinmu ya ci sunansa, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso.

Ni ɗan jarida ne, hoto ba sana'ata ba ce ta gado. Amma tun ranar da aiki ya rataya mini kamara a wuya, dangi suka yanke hukunci ba tare da shawarata ba: duk bikin da ya tashi a gida, ni ne mai hoto. Shekara kusan goma ke nan ina yin kilomita wajen 275 daga Yamai zuwa Dogondutsi saboda wannan aiki da ba a biya. Abin da na koya a ciki nake so in faɗa muku, ku ƴan kasuwa da ma'aikata, domin akasari ku ne kuke biyan masu hoto, ku ne kuma kuke gaya musu abin da za su ɗauka.

Da muna lise mun karanta labarin sanyin Turai, inda ruwa yake daskarewa, mai hoton biki ya yi ta fama da ƙanƙara. Namu ɗarin bai kai nan ba. Da asuba ma'aunin zafi yakan sauka ƙasa da digiri 15, da rana kuma ya haura kusan 30. Bature zai yi dariya in ya ji mun kira wannan sanyi. To amma Bature ba ya kwana a ɗakin da aka gina don gudun zafi, ba ya alwala da ruwan da ya kwana a randa. Kamara ma tana ji a jikinta, musamman in batirinta ya tsufa, domin sanyi yana rage ƙarfin batir. Maganin abu ne mai sauƙi: a riƙe batir biyu ko uku, a cika su tun daren jajibere wajen masu cajin sola in ƙauyen babu lantarki, a ajiye su a aljihun ciki inda ɗumin jiki zai riƙe su.

Babban abokin gabar mai hoto a wannan lokaci ƙura ce. Wannan hazo da muke shaƙa, mafi yawansa daga nesa yake zuwa, daga kwarin Bodele a arewacin Cadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun dubban shekaru. Iska tana matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Enedi, ta kwashi garin ƙasar tafkin, ta biyo ta kanmu, har wani sashe ya tsallake tekun Atlantika ya sauka a dajin Amazon. Ƙurar da ta iya wannan tafiya, shiga cikin kamara ba zai gagare ta ba. Saboda haka ba a sauya gilashin kamara a fili. In ƙura ta zauna a kan farantin da yake karɓar haske, kowane hoto zai fito da ɗigo baƙi a wuri guda. Ba a kuma goge gilashi da bakin riga, domin abin da ake gogewa yashi ne mai laushi, zai karce shi. Hure shi ake yi da ƴar robar iska. Filashi kuma da dare, in ƴan mata sun tayar da ƙura a dandali, ƙwayoyin ƙurar da suke gaban gilashi yake fara haskewa, sai hoton ya cika da fararen ɗigo kamar an watsa masa gari.

Duk da haka hazon nan yana da alherinsa. Ranar bazara tana dukan mutum daga sama, ta zuba inuwa a ƙarƙashin hula, ido ya shige rami. Ranar hunturu kuwa kamar an shimfiɗa mata farin ƙyalle ne a fuska, haskenta ya bazu ko'ina da laushi. Ban san hasken da ya fi wannan dacewa da baƙar fata ba. Abu ɗaya ake kiyayewa: taron ɗaurin aure cike yake da farar shadda, sama ma fari fat. Kamara in ta ga fari ya yi yawa, sai ta rage haske da kanta, riguna su fito da kyau, fuskoki su dushe. Dole mai hoto ya auna haskensa a kan fuska, ko ya ƙara shi da hannu. A watan Janairu kuma rana ba ta fitowa a Dutsi sai bayan ƙarfe 7, don haka in an sa fatiha da sassafe, a cikin ɗan haske kaɗan za a yi aikin.

Akwai wani dattijo a Dutsi da ya yi wannan sana'a tun zamanin fim, wanda nake zama wurinsa in na je gida. Ya gaya mini cewa da hunturu ba su naɗe fim da sauri, domin bushewar iska tana haddasa ɗan tartsatsi a cikin kamara, hoto ya fito da zane kamar walƙiya. Fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, sai an aika Yamai a wanke, a jira kwanaki kafin a san abin da aka samu. Da aka karya darajar sefa ranar 12 ga Janairun 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, a tsakiyar lokacin bukukuwa, kayan hoto da duk daga waje suke zuwa suka yi tsada ƙwarai. Ya ce daga ranar, kafin ya danna sai ya tambayi kansa: wa za a nema a hoton nan bayan shekara ashirin? Amsar ita ta sa kullum yake farawa da tsofaffi.

Wannan magana ta dawo mini a watan Janairun 2022, a wani ƙauye da ke cikin Dallol Mawri, kusa da Gesheme, wajen auren ɗiyar kawuna. Sanyin fadama ya fi na tudu cizo, kowa ya san haka. An sa fatiha bayan hantsi kaɗan, amma tun da sauran duhu dattawa suka zauna a kan tabarmi a ƙofar gida. Wani ya naɗe rawani har hanci, wani ya ɗora kwat ɗin gwanjo a kan babbar riga, mafi yawansu kuma sun ƙudundune cikin bargo, sai carbi kaɗai ke leƙowa. Yara sun hura wutar kara a gefe suna jin ɗumi. Aka raba goro da dabino, sanƙira ya ɗaga murya, aka shafa.

Da na ce a taru a yi hoton dangi, sai wani abokin ango, ɗan ma'aikaci da ya zo daga Yamai cikin shadda mai ƙyalli, ya ja ni gefe. Ya ce: "Yaya, don Allah a ce wa tsofaffin nan su ajiye barguna na minti ɗaya. A Facebook za mu sa shi, kada ya fita kamar hoton ƙauye."

Na ce masa: "Ƙanena, ai a ƙauyen muke."

Na yi wa ango da abokansa nasu hoton yadda suke so, babu bargo babu hular sanyi, suna murmushi haƙora na kaɗawa. Dattawa kuwa na ɗauke su yadda na same su.

Daga nan na shiga cikin gida, inda ɗan gida kaɗai yake iya shiga da kamara. Mata tun asuba suke kan murhu, hayaƙi ya haɗu da hazo, hannuwansu sun yi fari da kaushi sai ƙunshin lalle da ya ɗan rufa asiri. Kakata tana zaune kusa da wuta cikin wani tsohon gwado da ya koɗe. Ɗaya daga cikin jikokinta ta kawo sabon mayafi za ta sauya mata. Tsohuwar ta riƙe gwadonta gam, ta dube ni ta ce: "Kai maigidana, ɗauke ni haka nan. Gwadon ga kakanka ya bar mini shi. In an raba ni da shi, wa za ka ɗauka?"

Kafin watan ya ƙare, samarin gidan sun watse: biyu sun nufi Kwatano, ɗaya Abijan, wasu Legas, ɗaya kuma Libiya, wanda har yau bai dawo ba. Da damina ta zo, Allah ya karɓi kakata. Wajen zaman makoki babu wanda ya tambaye ni hoton ango cikin shadda. Hoton tsohuwa cikin gwado kowa yake nema, da na dattawa a ƙofar gida, mutane suna bin fuskoki da yatsa suna lissafa wanda yake nan da wanda ya tafi.

To jama'a, abin da nake so mu gane ke nan. Bikin lokacin ɗari a ƙasarmu sau da yawa shi ne rana ɗaya tak a shekara da gida yake cika, tsakanin kaka da cin rani. Ba kowane taro ne yake sake haɗuwa yadda yake ba. Wanda aka ba kamara a ranar an ba shi amanar rubuta sunan duk wanda ya halarta, kuma gani ya kori ji. Bargo, da hular sanyi, da hazon da ke bayan mutane, su ne suke gaya wa jikanmu wane lokaci ne, wane gari ne, kuma wace wahala mutane suka sha suka fito don su shaida. Dattijon da ya bar ɗakinsa cikin wannan sanyi ya zo ya zauna a kan tabarma, bargonsa shaidar zumuncinsa ce. Ban ga abin kunya a ciki ba.

Mu dubi masu hoton da duniya take girmamawa daga yankinmu. Malik Sidibe na Bamako, wanda aka ba lambar Zakin Zinariya a Venis ta Italiya a 2007, ya rasu a 2016, bukukuwa da raye-rayen samarin unguwa ya yi ta ɗauka. Philippe Koudjina, da ya rasu a 2014, shi ya bar mana Yamai ta shekarun 1960 da 1970. Abin da mutane suke tsayawa kallo a hotunansu yau shi ne ɗinkin wando, da akwatin rediyo, da irin zaman mutane, wato abubuwan da a lokacin wani zai iya cewa a kawar don hoto ya yi tsabta. Yanzu salula tana iya yin wannan kawarwa cikin daƙiƙa: ta mayar da farin sama shuɗi, ta goge faso, ta haskaka amarya har uwarta ta yi shakkar ko ita ce. Hoton da aka yi wa haka zai iya zama na Dubai ko na Dakar, na kowane wata a shekara, amma ya daina zama na Arewa cikin hunturu.

Barin mutane yadda suke ba ya nufin a ɗauki komai da komai. Da dare in za a kai amarya, an lulluɓe ta tana kuka, iyayenta mata suna yi mata nasiha, wannan ba wurin tura filashi ƙarƙashin mayafi ba ne. Ni nakan tsaya daga nesa in ɗauki ayarin da fitilunsa, in bar fuskarta a inda al'ada ta ɓoye ta. Haka nan dattijon da ya ce ba ya son hoto saboda fahimtarsa ta addini, a ƙyale shi, kada a sace shi daga gefe.

Saura magana ɗaya, kuma ta kuɗi ce. Muna kashe dukiya a kan anko, da kayan ɗaki, da hayar kujeru da lasifika, amma hotuna mukan bar su cikin salula. Salula kuwa tana faɗawa rijiya, ana sace ta a tasha, katin ajiya yana mutuwa ba sallama. Wanda aka tura ta WhatsApp ma an matse shi, in an zo bugawa babba sai ya dushe. Hotunan auren iyayenmu na zamanin fim suna nan cikin akwati, ko da gefensu ya yi ja. Na aurarrakin shekara biyar da suka wuce kuwa, da yawa sun bi tsohuwar waya. Don haka in za ku yi ciniki da mai hoto bana, ku sa sharaɗi tun farko: ya zo kafin dattawa su tashi, ya fara da su, ya samu macen da za ta shigar da shi ko ta ɗauko masa na cikin gida, sannan ya buga ko da guda ashirin ne a takarda. A rubuta sunaye da kwanan wata a bayan kowane ɗaya, a ba kowane gida nasa. Kuɗin wannan bai kai na turmin atamfa mai kyau ba.

Allah ya ba amare da angwaye na bana zaman lafiya, ya kai matafiya inda suka nufa ya dawo da su, ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.