Fitilar da Ta Ci Amanar Yaya

Tun ina yaro na san murjani, amma a wuyan Kaka. Jajayen duwatsun ado ne da take ɓoyewa a cikin kwalla, ba ta fito da su sai ranar biki. Kalmar ma aro ce daga Larabci, kamar yadda aka koya mana a aji. Ban taɓa zaton abu ne mai rai ba, sai ranar da Yayana mai aiki a Legas ya iso gidanmu a Pantami da akwatin gilashi, da gishirin haɗa ruwan teku, da wani ɗan reshe ruwan ƙasa manne a jikin dutse. Da zai koma ya ce mini, "Ga amana nan. Fitilarsa na nan tafe, kada ka sa masa wata."

Gaggawa aikin shaiɗan. Ina son abokaina su zo su sha kallo, sai na shiga babbar kasuwar Gombe na sayo ƙwan lantarki mai wat 200, na rataya shi dab da ruwan. Duk lokacin da aka kawo wuta, dare ko rana, a kunne yake. Ga shi watan Maris ne, lokacin da zafin Gombe kan kusanci digiri 40. Cikin mako biyu reshen ya koma fari fat. Har murna na yi, wai ya yi tsabta. Ashe mutuwa yake yi.

Daga baya na gane cewa irin wannan murjani tarin ƙananan dabbobi ne, kuma a cikin jikinsu akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani. Su ke amfani da haske su samar masa da mafi yawan abincinsa, su ne kuma launinsa. Idan zafi ko haske ya yi yawa, sai ya kore su, ya yi fari, yunwa ta kama shi. Haka ya faru da murjani mai ɗimbin yawa a tekun Ostareliya a 1998 da 2016.

Saboda haka mai zaɓen fitila ya lura da abu huɗu. Ruwan teku yana shanye jan haske tun daga sama, shuɗi ne ke nutsawa ƙasa, don haka fitilar ta fi karkata ga shuɗi. Ta zama marar zafi, irin LED, domin ruwan ya tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 27. A kunna ta awa 8 zuwa 12 a kullum, a kan lokaci guda, wanda a wajenmu sai da sola da batir. Sannan a ƙara ƙarfinta sannu a hankali.

Da Yaya ya zo hutun Sallah, ya daɗe yana kallon farin reshen. Bai yi faɗa ba, tambaya ɗaya ya yi: "Don shi ka kunna, ko don idonka?" Na kasa amsawa.

Abin mamaki, jan murjanin Kaka, irin na Bahar Rum, ba ya ɗauke da waɗannan ƙwayoyi, a wurare masu duhu ma ya fi rayuwa. Suna ɗaya, buƙata daban. Farin reshen yana nan a kan teburin karatuna, kuma tun daga ranar, in aka ba ni riƙon abu, sai na tambayi me yake so kafin in yi masa gwaninta.