Yammacin Laraba da yaranmu na sakandare

Yau laifinmu muka zo faɗa, sai a yi mana uzuri.

Duk wanda ɗansa ya taɓa zama gabanmu a Islamiyyar bayan la'asar ya san yadda muke da ranar Laraba. A sakandaren gwamnatin da galibin yaran layinmu suke zuwa, ranar ce ake ware wa ƙungiyoyin ɗalibai bayan an tashi darasi: 'yan Red Cross, 'yan sikawut, 'yan muhawara, kulob ɗin kimiyya da suke ce wa JETS, sai kuma MSS. Yaron da ya tsaya can ba ya iso mana sai biyar ta gota, an yi nisa da biya hadda. Shekaru muka yi muna jiransu bakin ƙofa da bulala. Akwai ma ranar da liman ya yi tafiya muka ja magariba, muka miƙe bayan sallama muka ce wa iyaye wannan abu shiririta ce, da an kaɗa ƙararrawa yaro ya kamo hanyar gida. Da yawa sun ji maganarmu. Wasu ma faɗuwa ce ta zo daidai da zama, don dama shago yana neman mai tsaro.

Ɗanmu na uku ne ya yi mana kunnen ƙashi. Yana aji huɗu ya shiga Red Cross ba da saninmu ba. Uwarsa ta sani, ashe ita ta ɗinka masa farar rigar da kuɗin adashinta.

A daminar bara wani ɗan okada ya kwashi wani dattijo ɗan dako daidai ƙofar shagonmu. Ƙaurinsa ya tsage, jini na zuba kamar an yanka rago. Muka taru muna salati. Wannan ya rugo da man birki, wancan ya dumbuzo ƙasa, wani yana ƙoƙarin ɗura masa ruwan leda. Sai ga yaron nan ya ratso mu. Ya faɗa shago ya yagi farin yadi daga bandir, ko tambaya babu, ya ninke ya danne raunin da hannu biyu. Ya dubi mai man birki ya ce, "Alhaji, don Allah a yi haƙuri, wannan ɓata ciwon zai yi." Da yadin ya jiƙe muka kai hannu za mu cire, ya ce, "Baba, kada a ɗaga, a ƙaro wani a kai." Ya sa aka tare wata Micra, ya yi wa direban bayani da Yarbanci tiryan-tiryan, suka wuce asibiti hannunsa na kan ciwon. Dattijon yana nan da ransa, har ya koma dako.

Daren nan mun daɗe ba mu yi barci ba. Mu da muka sauke Ahalari da Ishmawi da Iziyya, muka taɓa Risala, mun san yadda ake wanke mamaci, mun san yadin da ke isar likkafani tunda mu ke sayar da shi, amma yadda za a tsayar da jini kafin a kai ga likkafanin, a cikin mutum kusan talatin babu wanda ya sani sai yaron da muke zanewa duk Laraba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai tun farko shi ne gicciyen da ke jikin rigar. Da muka bincika, sai muka tarar ƙungiyar ta samo asali ne daga wani mutumin Suwizalan, Henry Dunant, wanda ya ga yadda aka bar sojoji masu rauni yashe bayan yaƙin Solferino a 1859. Alamar kuwa tutar ƙasarsu ce aka juya launinta. Daular Usmaniyya ta fara amfani da jan jinjirin wata a madadinta tun 1876, kuma a yau masu gicciyen da masu jinjirin watan tafiya ɗaya suke yi, aiki ɗaya. Wanda duk da haka zuciyarsa ba ta kwanta ba, ba mu ga laifinsa ba. Ga 'yan agajinmu nan da ke tsare sahu ranar idi, sai ya kai yaron wurinsu, ya kuma tabbata ana koya masa ɗaurin rauni, kada a tsaya ga fareti da busa usur.

Ita ma MSS, da yawanmu muna ɗaukarta kayan Arewa. Alhali a Legas aka kafa ta a 1954, kuma shugabanta na farko Abdul-Lateef Adegbite ne, mutumin Abeokuta. Wato ɗalibai Musulmi na ƙasar Yarbawa ne suka dasa ta. Yaronmu da ya ƙi zuwa taronta ya guje wa wuri mafi sauƙi da zai yi aboki Bayarabe, su yi sahu ɗaya, su san gidajen juna.

Nan ne maganar ta fi mana ciwo. An kafa Sabo tun 1916. Kakannin wasunmu a nan Ibadan aka binne su. Amma har gobe yaronmu zai shekara shida a sakandare, daga aji sai shago, daga shago sai allo, ya fita bai san sunan mahaifin ko mutum ɗaya a ajinsu ba, sai mu dawo muna kukan ana kiranmu baƙi. Lokacin rikicin kasuwar Shasha a Fabrairun 2021, duk mun ga amfanin a ce kana da wanda za ka buga wa waya a can ɓangaren, ya gaya maka gaskiyar abin da ke faruwa. Irin wannan sanayyar ba a ƙulla ta ranar da wuta ta tashi.

Kada a ce Malam ya saki layi gaba ɗaya. Har yanzu ba mu yarda 'yarmu ta je sansanin kwana ba, sai in da malama mace da muka sani. Kuɗin riga da na rajista yana da nauyi ga mai yara biyar a wannan tsadar. Kuma kowa ya san akwai yaran da ke fakewa da sunan kulob su tafi gidan kallon ƙwallo, akwai kuma tsoron 'yan ƙungiyar asiri, wanda ba wasa ba ne. Maganin wannan a wurinmu shi ne uba ya rufe shago na awa ɗaya, ya taka har makarantar, ya ga malamin da ke kula da ƙungiyar, ya karɓi lambarsa. Mu mun je. Malamar ta ce mu ne uba na farko daga Sabo da ta taɓa gani a kan wannan magana, kuma kunya ce ta kama mu.

Mun zauna da sauran malaman Islamiyyarmu, an ɗan ja, amma an amince. Daga wannan zangon, karatun 'yan sakandare na ranar Laraba ya koma tsakanin magariba da isha'i. Wanda ya ce yana ƙungiya zai kawo takarda da sa hannun malaminsa sau ɗaya a zango. Asabar ta farkon wata kuma, bayan la'asar, yaran Red Cross za su nuna wa manya ɗaurin rauni a harabar masallaci. Yadin gwaji daga shagonmu ne, kowa ya taho da tabarmarsa.